Tambaya da Amsa: Yadda ake gane dokin da zai ci sukuwa

Da zarar ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane, hankalin ma'abota dawaki yakan koma filin sukuwa, tun daga Garwa da Marwa har Kusiri a arewacin Kamaru, da Injamena a tsallaken kogi. Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo galibinsu abu ɗaya suke nema: yaya mutum zai dubi dawaki goma a jere ya ce wancan ne zai zo na ɗaya? Mun taƙaita tambayoyin, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su.

Tambaya daga wani matashi a Marwa: Assalamu alaikum. Ba na fashin kallon sukuwa. Kafin a tashi kowa yana kuranta dokin maigidansa, maroƙa na ta kirari, ni kuwa sai in zaɓi wanda ya fi ƙyalli da tsalle-tsalle, kuma kusan kullum shi ke zuwa a baya. Me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Hausawa sun ce dokin mai baki ya fi gudu, don haka ka bar kirari ga masu shi. Ka je fili da wuri, kamar minti 30 kafin a tashi, ka tsaya inda ake zagayawa da dawakin a ja, ka fara dubawa daga ƙasa zuwa sama.

Na farko tafiya. Doki mai sakakken jiki, kofatonsa na baya yakan sauka a kan sawun na gaba, ko ma ya ɗara shi da faɗin tafin hannu. A ƙasa mai yashi za ka ga sawun da idonka. Wanda ƙafar baya ke gaza kaiwa sawun gaba, yana ɗan taku gajere-gajere, ko dai jikinsa a ɗaure yake saboda an matsa masa da kilisa, ko akwai ciwo a gadon baya ko a kuturi. Idan aka sa shi sassarfa, kalli kansa. Lafiyayye kansa ba ya rawa. Mai ciwo a ƙafar gaba yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sunkuyar idan lafiyayyar ta sauka. Mutane da yawa suna juya wannan, su ɗora laifi a kan ƙafar da ba ruwanta.

Sai jijiyoyin ƙafa. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake, shi ya sa yawancin ɓarnar sukuwa a can take faruwa. Daga bayan gwiwa zuwa gaɓar da ke saman kofato akwai jijiyoyin da ya kamata su sauka a miƙe, a bushe, kana ganin kowace daban. Idan bayan ƙafar ya kumbura ya lanƙwaso waje kamar baka, jijiyar ta taɓa tsagewa. Irin wannan doki yana iya gudu, yana iya cin tsere ɗaya ma, amma a ƙasa mai tauri ko yashi mai zurfi shi ne farkon gurguncewa. Idan ka ga an naɗe ƙafa ɗaya da ƙyalle an bar sauran uku, akwai dalili.

Tsalle-tsallen da ke burge ka kuwa, yawanci hasara ce. Ɗan danshi a wuya a ranar zafi ba komai. Amma dokin da tun kafin a tashi farar kumfa ta cika masa wuya da tsakanin cinyoyi, gumi na ɗiga daga cikinsa, yana tabarya yana tutsu, mutum biyu na fama da ragamarsa, wannan ya ƙone ƙarfinsa a banza, kuma da wuya ya tsaya a layi yadda ya kamata. Akwai wanda ya fi shi hatsari: dokin da rana ke dukansa amma fatarsa a bushe ƙayau, yana ta haki. Jikinsa ya daina fitar da gumi ke nan, ba shi da hanyar huce zafi, kuma bai kamata a sake shi ba sam. Wanda kake nema shi ne mai tafiya da kuzari amma cikin natsuwa, kunnuwa na juyawa gaba da baya, yana taunar linzami a hankali.

Dubi ƙiba. Dokin sukuwa da ya horu cikinsa a ɗame yake, haƙarƙarin ƙarshe biyu ko uku suna ɗan bayyana idan ya juya, naman kuturi ya rabu kashi-kashi. Idan akwai kwari a tsakiyar gadon bayansa, wuya ya yi kauri, haƙarƙari sun ɓace ƙurmus, kitse ne. Yana da kyau a hawan salla, a fili kuwa kaya ne yake ɗauke da shi.

Na ƙarshe numfashi, kuma mun fi son ka riƙe wannan. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kawai. A cikin sukuwa kuma numfashinsa a haɗe yake da takunsa: tsalle ɗaya, shaƙa ɗaya. Saboda haka duk abin da ya rage masa iska ya rage masa gudu kai tsaye. A hutu yakan ja numfashi sau 8 zuwa 16 a minti. Kalli kwiɓinsa ka ƙirga na sakan 30 ka ninka biyu. Hayaniyar fili takan ɗan ɗaga shi, ba laifi. Amma majina mai kauri, tari, ko wani sauti mai kama da fito idan ya shaƙi iska a lokacin ɗumama jiki, duk alamun dokin da zai ja gaba da farko ya ƙare a mita 300 na ƙarshe ne. A watannin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura da harawa mai funfuna suna yawaita wannan matsala.

Wannan duba ba zai nuna maka wanda zai ci da tabbas ba. Abin da zai yi maka shi ne ya fitar da waɗanda ba za su iya ba, sauran sai ka auna su da nisa da ƙasa da mahayi, kamar yadda za ka gani a amsoshin da ke ƙasa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kusiri: Ana ta shigo da dogayen dawaki daga Sudan ta Abeshe. Shin dogon doki kullum yana cin gajere ne?

Amsa: Alhaji, sau da yawa yana ci, amma ba don tsawo kaɗai ba. Gudun doki abu biyu ne: faɗin tsalle, da yawan tsallen a cikin sakan. Dogo ya fi faɗin tsalle, gajere mai ƙarfin kuturi yakan fi saurin maimaitawa da saurin tashi.

Tsohon jinin dogayen dawakinmu shi ne Dongola, sunan wani gari a bakin Nilu a arewacin Sudan. Ana gane shi da dogayen ƙafafu, da fuska mai ɗan doro daga goshi zuwa hanci, da fari a fuska da ƙafafu, tsayinsa kuma kusan mita 1.50 zuwa 1.55 a kafaɗa. Jininsa ya bi ta Darfur da Wadai da Bahar al-Gazal zuwa Kanem da Borno, har bargogin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, na Marwa da Garwa. Aibin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙuntataccen ƙirji da raunin ƙugu, don haka a nan za ka fara dubawa. Waɗanda masu sukuwa ke kira 'yan Sudan a yau kuwa, da yawansu an gauraya su da jinin dokin tseren Ingila, shi ya sa suke fin dokin gida gudu nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa ake raba su aji-aji. Gwada ɗan Sudan da dokin gida ba adalci ba ne. Ka gwada kowane da tsaransa.

A ɗaya gefen akwai ƙurun kabilar Musai na gaɓar kogin Lagone, wajen Yagwa da Bongor da Gunu Gaya, wanda tsayinsa bai cika wuce mita 1.25 ba. Ba zai kama dogo a miƙaƙƙen fili ba, amma ya fi shi jure yunwa, da doguwar tafiya, da cizon ƙudan tsando.

Inda dogo ke shan kashi shi ne ƙaramin fili mai matsatsiyar kwana da gajeren nisa, inda kafin ya gama buɗe ƙafa an kai layi. Sai kuma sabon zuwa. Dokin da ya kwana biyu ko uku a bayan babbar mota yakan sauko ya rame, ruwan jikinsa ya ragu, wani lokaci da zazzaɓin huhu, domin an ɗaure kansa sama bai samu damar sunkuyawa ya fitar da ƙurar da ya shaƙa ba. Ga sabon ruwa, ga sabon abinci. Komai sunan da ya zo da shi, idan bai yi makonni uku zuwa huɗu a sabuwar barga ba, kada ka sa ran ganin gudunsa na gaskiya.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Injamena: Wani doki ya ci tsere da tazara mai yawa, bayan mako uku aka kai shi wani gari ya zo na biyar, kuma lafiyarsa lau. Mutane na cewa sammu ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Malam, kafin a kai ga sammu a tambayi abu huɗu: nisa, ƙasa, nauyi, da hanyar da mahayi ya bi. Da wuya a rasa amsar a cikinsu.

Nisa shi ne babba. Dokin mita 1000 ko 1200 da dokin mita 2000 ko 2400 halittarsu daban ce. Na farko yana da tarin nama a kuturi, yana fashewa da gudu ya ƙare da wuri. Na biyu siriri ne mai zurfin ƙirji, yana tashi a hankali ya riƙe gudunsa. Kalli yadda doki ya gama tserensa na baya. Idan ya ci amma na biyu na cim masa a ƙarshe, ƙarin mita 200 zai kayar da shi. Idan ya zo na uku amma shi ke cinye tazara a miƙaƙƙen layin ƙarshe, ka riƙe sunansa don ranar da za a ƙara nisa. Wannan na ukun sau da yawa ya fi wanda ya ci daraja. Rabon dawaki da nisa tsohon ilimi ne. Ya zo a ingantaccen hadisi daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajeren nisa, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ.

Sai ƙasa. A yankinmu iri uku ake gamuwa da su. Akwai yashi mai zurfi, wanda ke shanye ƙarfi, ya fi dacewa da doki mai ƙarfin baya da faffaɗan kofato. Akwai jar ƙasa mai tsakuwa da tauri, wadda ake gudu a kanta da sauri amma tana dukan gaɓoɓi, mai ɗan ciwon kofato kuma yakan taƙaita tsallensa da kansa. Akwai baƙar ƙasar karal, irin wadda ake shuka masakwa a kanta a Diyamare, yankin Marwa, wadda ke tsagewa da rani, ta yi santsi da danƙo idan ta sha ruwa. Dokin da ya saba da ɗaya ba lalle ya so ɗaya ba. Ka taka filin da ƙafarka kafin a fara, ka danna dunduniya. Idan ta nutse fiye da tsawon yatsa, ranar masu ƙarfi ce, masu sauri za su gaji.

Nauyi kuwa, ƙa'idar da masu tsere suka daɗe suna aiki da ita ita ce: a nisan mita 1600 zuwa 2000, ƙarin kilo 1 a bayan doki yana cin masa kusan tsawon doki ɗaya, wato kamar mita 2.4. A gajeren nisa tasirin ya ragu, a dogon nisa ya ƙaru. To idan an canja mahayi daga mai kilo 48 zuwa mai kilo 55, ko aka ɗora sirdi mai nauyi, an riga an ba abokan hamayya tsawon doki kusan bakwai kyauta.

Na huɗu lissafi ne tsantsa. A kwanar da ta kai rabin da'ira, duk mita 1 da doki ya yi nesa da gefen ciki yana ƙara masa mita 3.14 na tafiya. Fili mai kwana biyu, mita 6.28. Dokin da aka tura waje da mita 3 a kwanonin biyu ya yi ƙarin kusan mita 19, kusan tsawon doki takwas, alhali masu kallo suna ganin duk nisa ɗaya suka yi. Wanda ya zo na biyar ta waje da ƙaramar tazara yana iya zama shi ya fi kowa gudu a ranar.

Shawarar da za mu ba ka ita ce ka sayi ƙaramin littafi, ka riƙa auna lokaci da agogon wayarka. Rubuta sunan doki, gari, nisa, irin ƙasa, mahayi, da sakan nawa ya yi. Misali, mita 1200 a sakan 80 yana nufin mita 15 a kowane sakan, don haka bambancin sakan 1 tsawon doki shida ne. Sai dai kada ka gwada lokacin wani fili da na wani, domin ba duka aka auna su da awo ɗaya ba.

Tambaya daga wata mai karatu a Ngaundere: Babana yana cewa akawal ya fi kili ƙarfi, kuma doki mai farin kofato ba ya daɗewa. Haka ne?

Amsa: 'Yar'uwa, a gaishe mana da Baba. Son launi tsohuwar al'adar masu doki ce, kuma akawal da bikili da danda kowane da masoyansa. Amma a fili launi ba ya ƙara gudu, ba ya rage shi. Ƙarfin kofato kuma ya dogara ne da abinci, da danshin wurin da dokin ke tsayawa, da gyara. Kofato yana tsiro da kusan milimita 6 zuwa 10 a wata, ana son a datse shi duk mako 6 zuwa 8. Wanda aka bari ya yi tsawo a gaba yana jan jijiya, baƙi ne ko fari.

Tambaya daga wani dattijo a Garwa: Ina da ingarma ɗan shekara shida wanda nake hawan salla da shi. Yarana suna so a sa shi sukuwa bana. Yaya za a shirya shi, kuma me za a ba shi?

Amsa: Ranka ya daɗe, shekarunsa sun yi daidai. Amma zamiya a ƙofar fada gudu ne na ɗan taƙi, sukuwa kuwa aiki ne na huhu da jijiya. Ka ba shi aƙalla mako 10 zuwa 12. Idan ranar ta fi haka kusa, a bari sai zagaye na gaba.

Fara da sanin nauyinsa. A zagaya ƙirjinsa da tef ta bayan ƙafafun gaba, a auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen kuturi, duka da santimita. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 11,880. Ƙirji 160 da tsawo 150 zai ba da kusan kilo 323. Da wannan ake auna abinci da magani, ba da ido ba.

Doki mai kilo 350 yana buƙatar aƙalla kilo 5 na busasshiyar ciyawa da harawa kullum, kuma wannan shi ne tushen abincinsa. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau, amma a kakkaɓe su a yayyafa musu ruwa saboda ƙura, mai funfuna kuma a zubar. Hatsi, gero ne ko dawa ko masara, kada ya wuce kilo 1.5 a ci ɗaya, a raba shi sau uku a yini, a ɓarza ko a jiƙa. Cikin doki ƙarami ne. Hatsin da ya yi yawa yakan wuce zuwa babban hanji bai narke ba, ya yi tsami, daga nan sai ciwon ciki ko kumburin cikin kofato, wanda ke sa doki ya tsaya yana jingina baya don ya sauke nauyi daga ƙafafun gaba. Duk canjin abinci a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. A kiyaye shi daga gyauron dawa, yana da guba. Abincin kaji na kamfani ma kada ya kusance shi, domin wasu suna da maganin da ke lalata zuciyar doki ko da kaɗan ya ci.

Ruwa kuwa lita 25 zuwa 50 a yini, ya fi haka a Maris da Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Al'adar hana doki ruwa tun jajiberin sukuwa wai don ya yi sauƙi tana rage masa gudu ne, tana kuma jawo ciwon ciki. Hatsi ake janyewa awa 3 zuwa 4 kafin a tashi, ruwa a bar masa. Kanwa tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin gishiri, domin gumin doki yana fita da gishiri mai yawa. A ba shi cokali biyu zuwa uku na gishirin girki kullum a cikin dusa.

Mako huɗun farko tafiya da sassarfa kawai, da sanyin safiya, daga minti 30 a ƙara har awa guda. Mako huɗu na biye a shigo da sukuwa mai sauƙi. Gudu mai ƙarfi sai a ƙarshe, kuma kada ya wuce sau biyu a mako; na ƙarshensa ya kasance kwana 4 ko 5 kafin ranar. Dalilin wannan jinkiri shi ne zuciya da nama suna horuwa cikin makonni, jijiya da ƙashi kuwa sai watanni. Dokin zai nuna yana son gudu tun ƙafafunsa ba su shirya ba, a nan yara ke ruɗuwa. Yashin bakin Binuwai, ko na Mayo Kaliyawo ga mutanen Marwa, yana gina ƙarfi idan tafiya ake yi a kansa, amma sukuwa a yashi mai zurfi ita ce babbar hanyar tsage jijiya.

Ranar hutu a rage hatsi da rabi. Idan aka bar shi a turke da cikakken hatsi, washegari yana iya ƙamewa a baya bayan 'yan mintoci da fita, ya yi ta gumi, fitsarinsa ya koma ja-baƙi. In hakan ta faru kada a tilasta masa tafiya, a kira likitan dabbobi. Don sanin ko ya horu, a sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙinsa a ƙirga bugun jini. A hutu 28 zuwa 44 a minti. Bayan gudu ya kamata ya sauko kusan 60 cikin minti 15 zuwa 20. Idan ya yi rabin awa bai sauko ba, aikin ya fi ƙarfinsa. A kuma canja masa linzami: na gargajiya mai zobe an yi shi ne don tsayar da doki nan take, dokin da ke tsoron bakinsa kuwa ba ya miƙa wuya ya saki gudu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Garwa: Ina ganin mutane a rumfunan PMUC, kamfanin cacar tseren dawaki na Kamaru, suna nazarin takarda mai lambobi da haruffa. Me suke nufi, kuma da gaske akwai masu sanin sirrin wanda zai ci?

Amsa: Ɗanmu, tseren da ke cikin takardar a Faransa ake yin sa, a filaye irin su Vincennes da Longchamp da Auteuil. Layin da ke gaban sunan doki tarihin tserensa ne, na baya-bayan nan a hagu. Lamba ita ce matsayin da ya zo, 0 kuma bai shiga na farko-farko ba. Harafin p tseren fili ne, harafin a na jan keke, m sassarfa da mahayi, h da s na tsallake shinge. D an soke shi, T ya faɗi, A an tsayar da shi. Mai kallo a talabijin zai ƙaru da sanin wannan.

Sirri kuwa babu. A tsere mai dawaki 16, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa 3,360 ne, na biyar na farko kuma 524,160. Ilimin doki yana rage wannan, ba ya kawar da shi. Kuɗin da ake rabawa na 'yan cacar ne da kansu, bayan an cire kason kamfani da haraji, saboda haka idan aka haɗa su duka abin da suka karɓa bai kai abin da suka zuba ba. Mai sayar maka da lambobin tabbas, da yana da tabbas ɗin da bai sayar ba. Ga musulmi kuma maganar a bayyane take a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Kyautar da sarki ko gwamna ko wani attajiri ya sa wa dokin da ya ci halal ce a wurin malamai. Zuba kuɗin 'yan kallo a kan wane zai ci caca ce, a Faransa aka yi tseren ko a bayan gari. Mun ga wannan ya cancanci a faɗe shi ƙarara, domin kuɗin cefane da na makarantar yara ne ke tafiya.

Tambaya daga wani mai kula da barga a Bongor: Ana cewa wasu na ba dawaki ƙwaya kafin tsere. Ana iya ganewa? Kuma idan doki ya gama gudu yana tangaɗi, me za a yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ido kaɗai ba ya tabbatarwa, sai gwajin jini ko fitsari, don haka kada ka zargi kowa a fili. Abin da za ka iya lura da shi shi ne rawar jiki, zagaye ba tsayawa, gumi marar dalili, ko dokin da aka sani da ɗingishi jiya yau ya miƙe sarai. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni. Maganin kashe zafi, tiramol ne ko allura, ba ya warkar da jijiya. Yana ɓoye ciwon ne, dokin ya taka ƙafar da ƙarfinsa duka har ta karye, yaron da ke kai kuma ya faɗo a tsakiyar kofatai. Haka nan allurar sammore ta shanu, dawaki ba sa jure ta yadda shanu ke jurewa, kada a yi ta sai da likita.

Dokin da ke tangaɗi bayan gudu zafi ne ya kama shi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, idan ya haura 40 ana cikin hatsari. A cire sirdi nan take, a kai shi inuwa mai iska, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi a wuya da ƙirji da baya da tsakanin cinyoyi, bokiti bayan bokiti ba tsayawa. Tsoron da ake yi cewa ruwan sanyi zai ƙame masa jiki ba shi da tushe. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe zafi. A ba shi ruwan sha kaɗan-kaɗan, kamar lita 3 ko 4 duk bayan 'yan mintoci. A ɗaga leɓensa a danna dasashi da yatsa: jan ya kamata ya dawo cikin sakan 2. A tsunkuli fatar wuya a saki: ta kwanta nan da nan. Idan dasashin ya yi duhu, ko fatar ta tsaya a tsaye, ko ya ƙi shan ruwa bayan minti 30, yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya, a nemo likitan dabbobi ba tare da jiran gobe ba.